Neman kalma: faifan da haske ke karantawa

Maman Hanif: Salamu alaikum. Gobe da safe ina da shirin kimiyya a rediyo nan Jos, kan sabon faifan da masana a Shanghai suka bayyana a mujallar Nature a 2024, mai hawa 100 na bayanai. Ina neman suna ɗaya da zai haɗa shi da CD da DVD da Blu-ray. A taimaka.

Ɗan Terminus: Faifan haske. Duka haske ne ke karanta su, ba allura irin ta garmaho ba.

Injiniya: Faifan leza ya fi daidai, don ba kowane haske ba ne, leza siririn haske ne da ke tafiya a miƙe. Na DVD ja ne, na Blu-ray shuɗi, tsininsa ya fi siriri, shi ya sa ramukan da ake rubuta bayanai suka ƙanƙance. DVD gigabayit 4.7 yake ɗauka, Blu-ray 25 a hawa ɗaya. HD DVD na kamfanin Toshiba, da ya yi takara da Blu-ray, shi ma shuɗin ne, amma 15 yake ɗauka. Da Warner mai shirya fina-finai ta koma Blu-ray, Toshiba ta haƙura da HD DVD a Fabrairun 2008.

Maman Hanif: Injiniya, in na ce leza a rediyo, mutanen Angware rezar aski za su ji.

Malam Babba: Tun bara na ba da "hasfai", daga haske da faifai. Gajere ne, jam'insa hasfaye. Amma ku 'yan Jos kun fi son aro.

Ɗan Terminus: Allah ya gafarta Malam, faifan haske ina aronsa? Kuma wa ya taɓa shiga kasuwa ya ce a ba shi hasfai?

Malam Babba: Na'ura mai ƙwaƙwalwa ma da farko ba a san ta ba. A Kano da an karɓa.

Hajiya Ladi: Malam, a bar zancen Kano. Hausarmu ba ta neman izinin kowa, mu ma da ita aka yi mana zanen suna.

Injiniya: Ƙorafina ɗaya: hasken da ke karanta CD ido ba ya ganinsa.

Maman Hanif: Zan ce faifan haske, in yi bayanin lezar sau ɗaya a farkon shiri. Na gode.

Malam Babba: To, ki je da shi na gobe. Amma ni a ajina hasfai zan ci gaba da koyarwa.