Shawarwarin masunta kan ruwan Tiga

Ga abin da masuntan madatsar ruwan Tiga ta jihar Kano, wadda aka kammala a 1974, suka fi nanatawa a wani zama da suka yi. Da farkon damina ruwan kan yi ja da laka, ya kwaso taki da maganin feshi daga gonaki. A lokacin ne tarwaɗa ke matsowa gaɓa, don haka mamari, wato doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa, ya fi ragar kalli kamu. Da hunturu kuwa karfasa na lafewa can ƙasa, sai a jira rana ta ɗaga. In an ga kifi na ɗago baki da asuba, iska ce ta yi ƙaranci a ruwan. Dattawa sun tsawatar ƙwarai kan zuba guba da jan koma mai ƙananan idanu, kuma da gaskiyarsu, domin har 'ya'yan kifin da ba su kai yatsa ba komar ke kwashewa.