Shafin biya ya yanke, kuɗin aike da haraji sun fito ba daidai ba

Mai tambaya: Jama'a, ina sayar da kaya ta intanet. Sau uku ke nan oda na shigowa da kuɗin aike na cikin gida, alhali kayan ƙasar waje za su. Da na bi diddigi, duk ukun sun daɗe a shafin biya kafin su danna. Akwai wanda ya taɓa cin karo da wannan?

Mai haɗa shafuka: Na sha fama da shi, Hajiya. Sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafinki, tana riƙe kwandon sayayya da adireshin mai saye na ɗan lokaci ne kawai. A PHP, yaren da ake gina shafuka da shi, in ba a taɓa saitin ba, sakan 1440 ne, wato minti 24. Mutum ya tashi neman katinsa, ya dawo ta manta da shi, sai ta yi lissafi da adireshin shagonki. Shi kuwa tsohon jimla yake gani a allonsa. Ƙara lokacin ba ya kashe matsalar. Sai da na sa a sake lissafi daidai lokacin cirar kuɗi, in jimla ta canza a nuna masa ya amince.

Mai sayar wa Turai: Nawa ya fi muni. Manhajar da ke lissafa min haraji ta yi jinkirin amsawa, shafin ya gaji da jira, ya saka sifili. Tun Yulin 2021, harajin sayen kaya (VAT) na Tarayyar Turai na bin ƙasar mai saye ne, Jamus kashi 19, Faransa 20. Daga aljihuna na cike. Yanzu in amsa ba ta zo ba, oda tsayawa take yi. Gara mai saye ya ji haushi.

Wani mai saye: Ni ta ɗaya ɓangaren na gani. Na danna biya, abu na ta juyawa, sai saƙon kuskure na 504, wato lokacin jira ya ƙare. Na sake dannawa, saƙon cirar kuɗi ya shigo wayata sau biyu. Ɗayan riƙewa ce kawai, bayan kwanaki banki ya sake ta. Tun ranar nake ɗaukar hoton allo kafin in danna.

Mai tambaya: Na gode. To, mutum ukun nan fa, in nemi cikon ko in haƙura?

Mai sayar wa Turai: Haƙura, 'yar'uwa. Kuskuren shafinki ne, ba nasu ba.