Wai da gaske akwai irin shinkafar da ƙwari masu tsotsa ba sa iya mata?

Manomin Fadama:
Salam 'yan uwa. Don Allah masana ku warware min, mai sayar da iri ya ce min wai akwai shinkafar da ƙwarin nan masu tsotse ruwan kara ba sa cutar da ita, to ni dai na kasa ganewa, ɗaci ne da ita ko kuwa magani aka sa mata tun tana iri?

Malamin Gona:
Wa alaikumus salam Malam. Ba magani ba ne, halittarta ce. Ƙwaron da aka fi bincike a kansa wani ɗan mitsitsi ne ruwan ƙasa da ya addabi Asiya, a gindin kara yake zama daf da ruwa ya soka bakinsa mai kamar allura cikin jijiyar da ke kai abinci, in suka yi yawa sai ka ga gona ta bushe da'ira-da'ira. To iri mai juriya da an soke shi sai ya toshe jijiyar da wani sinadari, ƙwaron ya yi ta lalube bai samu ya ƙoshi ba, ya rame, ƙwan da yake yi ya ragu. Wani irin kuma karansa ne mai tauri saboda sinadarin silika, wani ko an tsotse shi yana ƙara 'ya'ya ya farfaɗo.

Ɗan Kasuwar Iri:
Ranka ya daɗe ka manta abu ɗaya, juriyar fa ba ta dawwama. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya, IRRI, da ke Filifin ta fitar da irin shinkafa mai juriya IR26 a 1973, cikin 'yan shekaru ƙwarin suka saba da ita a Indonesiya, dole aka koma IR36 ta 1976. Shi ya sa yanzu ake haɗa ƙwayoyin gadon juriya biyu ko uku a iri guda.

Malamin Gona:
Haka ne Alhaji. Kuma abin da ya fi damuna feshin da muke yi ba lissafi, yana kashe gizo-gizo da sauran masu cin ƙwarin ne. Indonesiya sai da ta hana magungunan feshi 57 a gonar shinkafa a 1986 saboda wannan. Ga yuriya in ta yi yawa, ita ma ƙara musu ƙarfi take.

Manomin Fadama:
Allah ya saka da alheri. To amma ƙwarin gonata a zangarniya nake ganinsu lokacin da take madara, su bar min fanko, su ma wannan irin zai yi musu?

Malamin Gona:
A'a Malam, waɗannan daban ne, ƙwayar suke tsotsa ba kara ba. Share ciyawar bakin gona tukuna, can suke ɓuya, kuma ku daidaita lokacin dashe da maƙwabtanka.