Ƙananan lasifikokin falo: wacce kuka saya, kuma yaya kuka same ta?

Baban Ummi, Kano

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Lasifika guda biyu nake nema, irin ƙananan nan da ake ɗorawa a kanta ko a gefen talabijin. Sautin talabijin ɗinmu siriri ne, in ana magana a fim sai an ƙure murya kafin a ji, da kiɗa ya shigo kuma sai gida ya ɗauka. Falon kamar mita 4 da 4 ne, ƙasan tayil. Abin da muke saurara karatun Alƙur'ani ne da safe, tafsiri, waƙoƙin gargajiya, sai fim da ƙwallo da dare. A Sabon Gari an nuna mini hom tiyata mai lasifika biyar da wufa, wato babbar lasifikar nan mai fitar da ƙugi, an rubuta wat 5000 a kwalinta. Wani abokina kuma ya ce in bar ta, in sayi guda biyu masu kyau. Duk wanda ya taɓa amfani da su a gidansa, don Allah ya faɗa mana abin da ya gani.

Mai Gyaran Rediyo, Zariya

Wa alaikumus salam Baban Ummi. Abokinka ya ba ka shawarar ƙwarai. Wancan wat 5000 ɗin, koma ka duba kwalin, za ka ga an rubuta PMPO kusa da shi. Lamba ce ta talla, ba ta da ƙa'idar da kowa ya yarda da ita, kowane kamfani abin da ya ga dama yake rubutawa. Wadda za ka nema ita ce RMS, ita ce ke nuna ƙarfin da na'ura za ta iya riƙewa ba tare da ta sare ba. Irin waɗannan hom tiyata na sha buɗe su a shago, taransifoman ciki bai kai dunƙulen hannu ba. Daga ina wat 5000 za ta fito?

Kuma falo irin naka ba ya cin wat da yawa. A bayan lasifika ko a takardarta akwai wata lamba, za ka ga kamar 86 dB ko 88 dB. Ma'anarta ƙarar da take bayarwa da wat ɗaya tak, in ka tsaya mita ɗaya daga gabanta. Wat ɗaya ke nan, kuma ƙarar ta riga ta wuce ta hira nesa ba kusa ba. Duk lokacin da ka ninka wat, 3 dB kawai ka ƙara. Kafin kunnenka ya ji sauti ya ninka, sai ka ƙara kusan 10 dB, wato wat ninki goma. Shi ya sa amfilifaya, wato na'urar da ke ba lasifika ƙarfi, mai wat 30 zuwa 50 na gaskiya a kowane ɓangare ta ishe ka har da saura.

Abin da ya fi zuwa mini gyara shi ne ƙaramar lasifikar sama, mai fitar da siririn sauti, ta ƙone. Mutane suna zaton ƙarfi ne ya yi mata yawa. Sau da yawa ƙaramar amfilifaya ce aka ƙure ta, sautin ya fara fashewa, wannan fashewar ce ke gasa ta. Da ka ji murya ta fara karcewa, rage, kada ka jira.

Sai ka fara yanke hukunci kan abu ɗaya: mai amfilifaya a cikinta kake so, wadda za ka jona wuta kawai ta yi aiki, ko wadda sai ka saya mata amfilifaya daban?

Maman Faruk, Kaduna

Malam mai gyara Allah ya saka da alheri. Ni mai amfilifaya a ciki muka saya, Edifier R1280DB, domin ba na son tarin wayoyi a falo, ga yara. Wat 42 aka rubuta mata gaba ɗaya, babbar lasifikar inci 4 ce, tana da rimot da Bluetooth. Dalilin sayenta surukata ce, tana zaune tare da mu, jinta ya ɗan ragu, kuma ba ta wasa da tafsiri. Da, sai an ƙure talabijin amma tana cewa ba ta gane abin da malam yake faɗa. Yanzu murya ba ta kai rabi ba take ji sarai, don kalmomin suna fita a rarrabe. Ba ƙara take buƙata ba ashe, tsabtar murya ce.

Baban Ummi, kafin ka fita kasuwa leƙa bayan talabijin ɗinka ka ga ramukan da yake da su. Sababbin talabijin da yawa ba su da ramin ja da fari na fitar da sauti, sai na waya mai haske da ake kira oftikal, ko HDMI da aka rubuta ARC a jikinsa. Namu oftikal muka sa. Da aka jona shiru muka ji, sai da maigidan ya shiga saitin sauti na talabijin ya mayar da shi PCM, domin yawancin irin waɗannan lasifikoki ba sa karanta tsarin sauti na Dolby. Bluetooth kuma ka bar shi wa waya. Mun gwada shi da fim, baki yana motsi magana tana biyowa daga baya.

Gaskiya dai ba ta da ƙugi sosai. In fim ɗin yaƙi ne ba za ka ji ƙasa tana rawa ba.

Ɗan Damagaram

Gaisuwa ga kowa. Ni abin da ya sa na zaɓi mai amfilifaya daban kuran ne, wato wutar lantarki. Gidanmu sola muke dogaro da ita, batir mai bolt 12. Akwai ƙananan amfilifaya da ake kira Class D, girmansu bai wuce tafin hannu ba, masu ɗauke da TPA3116 a ciki. Wutar batir suke ci kai tsaye, daga bolt 12 har 24, ba sa zafi sosai, kuma ba sa ɓarnar wuta. Na jona tawa a batir ba tare da inbata ba. A bolt 12 ba za ta ba ka cikakken ƙarfinta ba, lasifika mai om 8 (om shi ne ma'aunin yadda lasifika ke tare wuta) wat 8 ko 9 za ta samu, amma a ɗakina ban taɓa kai maɓallin ƙarshe ba. Ka dai sa fiyus a wayar batir.

Wanda yake da inbata mai araha ya kula. Wasu wutarsu ba ta da santsi, sai ka ji lasifika tana zzz ko ba a kunna komai ba. Maƙwabcina ya yi ta canza waya a banza, inbatar ce.

Abu Yasir, Jos

Hajiya Maman Faruk, na yarda taku ta fi sauƙi, amma ni ina da ja a kan abu ɗaya. Ranar da amfilifayar ciki ta samu matsala, da irin wutar da ake kawo mana, duka biyun sun zama kwali sai an gyara. Wadda ba ta da amfilifaya kuwa babu abin da wutar NEPA za ta taɓa a cikinta kai tsaye, tana iya shekara ashirin tana aiki. Amfilifaya ta mutu, ka sayi wata, lasifikarka tana nan.

Tawa ta gwanjo ce, Wharfedale Diamond, kamfanin Ingila ne tun 1932. Na same ta wajen masu kayan Beljiyam, na haɗa ta da tsohuwar amfilifayar Yamaha. Abin da ya sa ba zan rabu da ita ba kalangu ne. A hom tiyatar da nake da ita da, kalangu bugu ne kawai, dum dum. A wannan kuwa kana jin yadda makaɗi yake matse tsarkiya yana saki, muryar gangar tana hawa tana sauka, kana jin 'yan amshi a bayan mawaƙi kowa da wurinsa. Kuntigi da gurmi ma haka. Kiɗanmu yawancinsa a tsakiyar sauti yake zaune, wurin da muryar mutum take, kuma nan ne hom tiyata mai araha ta fi rauni: ƙananan lasifikokinta sun yi ƙanƙanta, wufar kuma ƙugi kawai ta iya, sai a bar rami a tsakani.

Gargaɗi ga mai sayen amfilifayar gwanjo: karanta bayanta. In daga Amurka ta zo bolt 120 take ci, tamu wutar 230 ce. Ka jona ta kai tsaye sai hayaƙi. Ta Ingila da sauran Turai babu wannan matsalar.

Mai Gyaran Rediyo, Zariya

Abu Yasir ya faɗi gaskiya, bari in ƙara wa mai shiga gwanjo. Cire rigar gaban lasifikar ka dubi zoben da ya kewaye kwanon. In na soso ne, taɓa shi a hankali. Zafinmu yana cinye shi, sai ka ga yana marmashewa a yatsa. Na roba ya fi jurewa. Sannan ka sa yatsu kewaye da tsakiyar kwanon ka tura ciki kaɗan, daidai wa daida. In ka ji karce-karce, naɗin wayar ciki ya taɓu, bar ta. Ka kunna ta a hankali ka kai kunne kusa da ƙaramar ta sama, kowace ɗaya daban, ka tabbata tana magana. Masu sayarwa suna son ƙure kiɗa don kada ka gane ɗaya ta mutu. Ka duba om ɗinta ma: 6 ko 8 kowace amfilifaya za ta ɗauka, mai om 4 kuwa tana jan wuta sosai, ba kowacce ke jure mata ba.

A gida kuma, wajen jona wayar lasifika, ja da ja, baƙi da baƙi, a duka biyun. In ka juya ɗaya, ƙugi ya tafi, murya kuma ta rasa wurin zama.

Injiniya Baba, Abuja

Ku yi haƙuri in kawo abin da ba a taɓa ba: ɗakin kansa. KEF Q150 gare ni. A tsohon gidana akwai kafet bango da bango, da labule masu kauri, sautin ya yi daɗi ƙwarai. Da muka koma gida mai tayil da silin POP da manyan tagogi, lasifikar ba ta canza ba, amfilifayar ma haka, amma magana ta koma kamar daga cikin rijiya ake yin ta. Tayil da siminti da gilas duk mayar da sauti suke yi, ya riƙa karo da kansa kafin ya iso kunne. Tafa hannu sau ɗaya a tsakiyar falonka, in ka ji amsa-kuwwa tana biyo baya to kana da aiki. Babbar darduma mai kauri tsakanin kujera da talabijin, da labule, su suka dawo mini da sautina. Kuɗinsu bai kai na lasifika ɗaya ba.

Sai wurin ajiyewa. Ana ce musu na kanta, amma cikin kanta ko cikin dibaida nan ne suka fi shan wahala. Duba inda ramin iskarta yake. Na KEF ɗina a baya yake, in ta manne da bango ƙugin ya kumbura ya danne magana, sai na ba ta kamar taku ɗaya daga bango. Kamfanin yana haɗo ta da toshen soso na wannan ramin domin wanda ba shi da fili. In ka san dole a jikin bango za ta zauna, nemi mai rami a gaba, irin ELAC Debut B6.2 ko Edifier ɗin Hajiya. In kan kanta ce, jawo ta har bakin katako. Ƙaramar lasifikar sama ta zo daidai kunnenka in kana zaune, kada a rataye ta can kusa da silin yadda ake yi a shaguna. Nisan da ke tsakanin guda biyun ya zo kusan ɗaya da nisanka daga kowacce, ka ɗan karkato fuskarsu wajen kujerarka. In ka dace, za ka ji mai magana yana fitowa daga tsakiyar talabijin alhali babu lasifika a wurin.

Ɗan Situdiyo, Kano

Yallaɓai Injiniya, haka yake. Ni aikina haɗa sauti, kuma ina so Baban Ummi ya san wani abu tun kafin ya saya: lasifika mai kyau ba ta rufa asiri. Tsofaffin waƙoƙin da aka kwaso daga kaset, da fina-finanmu da aka ɗauki maganarsu a ɗaki mai amsa-kuwwa, da karatun da ya yi ta yawo a WhatsApp har ya ƙanƙance, duk za ka ji aibinsu fiye da da. Kada ka ce lasifikar ce. Saboda haka ma ban ba ka shawarar irin tamu ta situdiyo ba, an yi ta ne don tono kuskure, kuma yawancinsu ba rimot, kowacce da wayar wutarta.

In za ka gwaji, tafi da abin da ka sani a wayarka. Karatun alarammar da kunnenka ya saba da shi ya fi komai, don ka san muryar. Saurari haruffa masu shi da si, su fita tsaf ba tare da sun soki kunne ba. Ka ce wa mai shago ya mayar da bes da tirebul tsakiya, kuma ya rage murya zuwa yadda za ka saurara da dare. Kowace lasifika tana burgewa in an ƙure ta. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Baban Ummi, Kano

Allah ya saka muku da alheri, na ƙaru sosai. Saura tambaya ɗaya: saboda fim, sai na haɗa da wufa tun yanzu?

Abu Yasir, Jos

A'a Baban Ummi, fara da biyun, ka zauna da su tukuna. Mai inci 5 ko 6 da rabi a falo mita 4 da 4 tana ba da ƙugin da ya ishi waƙa da ƙwallo da yawancin fim. Abin da za ka tabbatar kawai shi ne akwai ramin wufa a abin da ka saya, don in ka so daga baya kada ka sake sayen komai. A Edifier masu ƙaramin harafin s a ƙarshen suna, kamar R1280DBs, suna da shi. In ka ƙara ta, saita ta wajen 80 Hz, wato iyakar ƙugin da za ta riƙa fitarwa, ka rage ta har sai ka daina gane daga inda take fitowa.

Ni na taɓa aron ta ƙanena na gwada, fim ya yi armashi ba shakka, amma na mayar masa. Gidan haya nake, bango ɗaya muka haɗa da wani dattijo, kuma ƙugi ba ya tsayawa a bango yadda magana take tsayawa, ratsawa yake har gadon maƙwabci. In gidanka a ware yake ba ka da wannan damuwar. In kuwa irin nawa ne, yawancin talabijin suna da saitin dare a wajen sauti, yana ɗaga magana ya danne fashe-fashe, shi nake kunnawa bayan isha'i.