An ce mini ciwon ɗana alhakina ne, wai haka Yohanna 5 ke nufi

Uwar yaro, daga Tawa:
Salama gare ku ƴan'uwa cikin Ubangiji. Yau kwana huɗu ban yi barcin kirki ba. Ɗana na biyu, mai shekara 6, yana da sikila. Da sanyin nan ya kama, ciwon ya tashi, muka kwana tara a asibitin Galmi, har sai da aka ƙara masa jini. Da muka dawo na je taron Zumuntar Mata don in yi godiya. Bayan an tashi, wata uwa da nake ganin girmanta ta ja ni gefe, ta buɗe mini Yohanna 5:14, inda Yesu ya ce wa mutumin da ya warkar a bakin tafkin Betasda kada ya ƙara yin zunubi, don kada abin da ya fi wannan muni ya same shi. Ta ce, "Ƴata, nassi hannunka mai sanda yake yi miki. Ki binciki kanki."

Na karanta ayar ya fi sau goma. Ban ga inda aka ce kowane ciwo daga zunubi yake ba, amma ita ta ce ma'anar a ɓoye take. Don Allah, yaya ake raba abin da Littafi ya faɗa a fili da abin da mutum ya tsamo da kansa? Kuma in koma mata da maganar, ko in haɗiye?

Wani matashi, Yamai:
Sannu Mama, Allah ya ƙara wa yaro lafiya. Ni ƙa'idata ɗaya ce: abin da ba a rubuta ɓaro-ɓaro ba, ba na ɗauka.

Malamin makarantar Lahadi:
Ƙanena, na gane zafin da ya sa ka faɗi haka, amma ƙa'idar ta yi tsauri. A Markus 12:26-27 Sadukiyawa sun yi musun tashin matattu, Yesu ya kai su ga Fitowa 3:6, inda Allah ya kira kansa Allahn Ibrahim da Ishaku da Yakubu. Babu maganar tashin matattu a ayar, amma Ubangiji ya tsamo ta daga ciki: Allah na masu rai ne, ba na matattu ba. Ashe tsamowa ba laifi ba ce. Sai dai tana da iyaka.

Dattijon ikilisiya, Tawa:
Ƴata, sannu da jinya. Ki ɗauko Littafin, kada ma ki fita daga Yohanna, ki buɗe sura 9. Almajirai sun ga wanda aka haifa makaho, suka yi tambayar da ke cin ranki yanzu: wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa? Amsar tana aya 3, kuma ba a nannaɗe take ba. Ba shi ba ne, ba kuwa iyayensa ba. To, ga magana a fili a kan yaron da aka haifa da lalura, ga kuma zato da aka ciro daga gargaɗin da aka yi wa babban mutum guda, wanda ya shekara 38 a kwance. Idan waɗannan biyu suka yi karo, zaton ne ke durƙusawa.

Ni tambaya uku nake yi wa duk wanda ya ce mini "ayar tana nufin". Da wa ake magana a wurin? Abin da ka tsamo, dole ne ya biyo daga ayar, ko dai yana iya yiwuwa ne kawai? Akwai inda aka faɗi akasinsa a sarari? Ta biyun nan ce mutane suka fi tsallakewa. Tun zamanin manzanni ake wannan tuntuɓe. A Yohanna 21:22-23 Yesu ya ce wa Bitrus, in ya so almajirin nan da yake ƙauna ya zauna da rai har ya dawo, ina ruwansa? Nan da nan labari ya bazu cikin ƴan'uwa wai almajirin ba zai mutu ba, har marubucin ya tsaya ya gyara, ya ce Yesu bai faɗi haka ba. Kalma ɗaya suka zubar, "in", sai magana ta zama wata.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai inda nassi ya haɗa ciwo da laifi. A 1 Korintiyawa 11:30 Bulus ya ce wasu sun raunana saboda wulaƙanta jibin Ubangiji. Amma a can an faɗi laifin, an faɗi waɗanda suka yi shi. Abokan Ayuba kuwa su suka mai da abin doka a kan kowa, kuma a Ayuba 42:7 Allah ya ce wa Elifaz, ɗaya daga cikinsu, ya husata da su domin ba su faɗi gaskiya game da shi ba.

Ma'aikaciyar jinya, Yamai:
Yaya, bari in ƙara da abin da na sani a wurin aiki. Sikila gado ce ta jini, daga uba da uwa duka. Idan su biyun suna ɗauke da ƙwayar, ko da lafiyarsu ƙalau, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Ba abin da kika aikata ya kawo ta. Ki rufe yaron da kyau da sanyin nan, ya riƙa shan ruwa sosai, in zazzaɓi ya taɓa shi kada ki jira gari ya waye.

Wata uwa cikin Zumunta:
Maganar komawa, ki koma, amma ba a gaban mata ba. Ki je gidanta da yamma ki gaishe ta, ki ce, "Mama, na karanta wadda kika ba ni, ga wata kuma ta ɗaure mini kai, mu duba tare." Ki miƙa mata sura 9 ta karanta da bakinta. Wataƙila ita ma haka aka koya mata, kuma akwai wasu masu jinya da za ta je wa da wannan ayar.

Uwar yaro, daga Tawa:
Baba, na buɗe sura 9, na karanta wa maigidana da ƙarfi, muka yi shiru mu biyu. Na gode muku duka. Jibi zan je gidan Mama bayan na ba yaron maganinsa. Ku sa mu cikin addu'a, ƙafarsa ta hagu har yanzu tana damunsa da dare.