Shawarwarin Iyaye Kan Saya wa Yara Na'urar Wasa ta Hannu

Da wasu iyaye suka tattauna batun saya wa yara na'urar wasa ta hannu, bakinsu ya zo ɗaya a kan cewa shekarun yaro ake fara dubawa kafin sunan na'ura. Nintendo Switch Lite, wadda ta fito a 2019, ta fi samun karɓuwa ga ƙanana saboda rashin nauyi, sai dai ba a haɗa ta da talabijin. Steam Deck kuwa, wata na'urar wasa ta hannu, ta yi wa hannun yaro girma.

Wasannin su ne suka fi ɗaukar lokaci. A jikin kwalin wasa akwai alamar shekaru, wato 3, 7, 12, 16 ko 18 a tsarin PEGI na Turai, kuma a ganina duk wanda ya tsallake ta ya yi ganganci, domin zane mai kyau ba ya nuna abin da ke ciki. Wata uwa ta ba da labarin yadda ta bar bayanan katinta na banki a na'urar, ba ta ankara ba sai saƙonnin cire kuɗi suka fara shigowa, ɗanta yana ta sayen kayan ado a cikin wasa. Shi ya sa aka jaddada sanya kalmar sirri kafin kowace sayayya, tare da amfani da manhajar Nintendo ta iyaye wajen ƙayyade lokacin wasa.

An kuma fifita wasan da ke kan kati a kan wanda ake saukewa daga intanet, tunda ƙane zai iya gadonsa, amma a tanadi jakar ajiya saboda katin ƙarami ne, yana saurin ɓata.