Wai genotype da rukunin jini duk abu ɗaya ne?

Auta: Salam 'yan uwa. Liman ya ce sai mun kawo takardar genotype kafin ɗaurin aure, ni kuma ina da katin da aka ba ni lokacin da na ba da jini a asibiti, an rubuta O+. Ita ma ta ce O ce. Ai ya wadatar ko?

Kawu: Ya wadatar mana. Genotype ai turancin nau'in jini ne kawai. O kuwa kowa ya san shi ne jini mai kyau, yana shiga jikin kowa.

Anti Nas: Kawu ka yi haƙuri amma wallahi ba haka ba ne, abu biyu ne daban. A, B, AB da O su ne rukunin jini, wani likita Karl Landsteiner ya gano A, B da O a 1901, amfaninsu lokacin ƙarin jini ne, kuma ma O negatif ake ƙara wa kowa ba O+ ba. Abin da liman yake nema shi ne AA, AS, SS, ko AC da SC, harafi ɗaya daga uba ɗaya daga uwa; mai SS ko SC shi ne mai ciwon sikila, wato amosanin jini, mai AS ko AC kuwa yana ɗauke da ita ne kawai. Mutum sai ya zama O kuma yana da sikila, muna ganinsu kullum.

Yaya Babba: Na yarda Anti, amma a turancin asali kalmar ba ta tsaya kan jini ba fa. Wani masanin tsirrai ɗan Denmark, Wilhelm Johannsen, shi ya ƙirƙiro ta yana bincike a kan wake, nufinta duk abin da halitta ta gada daga iyaye, doki da masara ma suna da nasu. Mu 'yan Najeriya ne muka taƙaita ta a kan sikila. Rukunin jinin ma ai gado ne, don haka Kawu bai yi nisa sosai ba.

Kawu: To kun ji.

Anti Nas: Yaya don Allah kar ka rikita yaron nan. Ko me take nufi a ƙamus, idan ka shiga lab a Kano ka ce genotype gwajin sikila za a yi maka, kuma katin O+ ɗin nan bai faɗi komai a kai ba. Tun 2024 ma doka ce a jihar Kano, sai an yi gwaji kafin aure.

Gwaggo: Mu da aka yi mana aure ba a gwada komai ba ga mu nan lafiya lau.

Anti Nas: Gwaggo ranki ya daɗe, Allah ya kiyaye ku ne. Amma ki tuna gidajen da ake ta binne yara ana cewa wabi ne, wasunsu amosanin jini ne ba a sani ba. Ni nake kwana da su, yaro ɗan shekara biyar idonsa ya yi ɗorawa, hannu da ƙafa sun kumbura, yana kuka ko taɓa shi ba ya so a yi, uwa na tsaye riƙe da ledar ruwa tana hawaye, uba yana waje yana neman wanda zai ba da jini.

Kawu: To ko AS da AS ɗin ne ai an ce ɗaya cikin huɗu ne, sai su haifi uku su tsaya.

Anti Nas: Ba layi ake bi ba Kawu. Kowane ciki lissafinsa sabo ne, ɗan fari ma zai iya zuwa SS, na biyu ma haka.

Auta: Yanzu na kira ta, ta ce ƙanenta yana yawan ciwon ƙashi ana kwantar da shi. Gabana ya faɗi wallahi.

Anti Nas: Kar ka yanke hukunci tukuna, tana iya zama AA, kai ma ba ka san naka ba. Ku je gobe da safe tare, ku yi a wuri biyu daban saboda ana samun kuskure a sakamako, sannan ka turo min takardun in gani kafin ka kai wa liman.